Ranar da Aka Zo Duba Ko Na Iya Wasa da 'Yata

Mu mutanen cikin birnin Zariya an daɗe da mayar da mu gonar tambaya. Duk wanda ya shiga jami'a ya rasa abin rubutawa, sai ya hau mota daga harabar jami'ar da ke Kongo, ya shigo ta Ƙofar Doka, ya sauka a ƙofar gidanmu da fom da biro. An tambaye ni a kan rijiyarmu. An tambaye ni a kan gidan sauro. An taɓa zuwa aka auna kaurin katangar zaurena, aka ɗauki hotonta, ni da nake zaune a gindinta aka ce in ɗan matsa. Ban taɓa ganin abin da aka rubuta ba. Ina dai jin wane ya zama dakta, wance ta zama farfesa, ni kuwa ina nan inda suka bar ni da allura a hannu.

Ɗinkin hannu nake yi, manyan riguna, da huluna in kasuwar riga ta kwanta. Na yi boko har aji biyu na sakandare, kuma ni ba daƙiƙi ba ne, gara in faɗa tun yanzu kada wani ya raina ni. Babanmu ne ya rasu, ni ne babba, aka ce ga allurarsa ga zaurensa. Karatu ya ƙare a nan. Turancin da ya rage mini ya isa in karanta takardar magani, ya kuma isa in gane in ana zagina.

Haihuwa ta yi mana nawa. Shekara goma sha ɗaya muna zaune da mai ɗakina kafin Allah ya ba mu 'ya mace, lokacin furfura har ta fara cin gemuna. Ita ce ta fari, kuma har yau ba a yi mata ƙani ba. 'Yar fari kuwa a gidanmu ba a kiran sunanta, ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a nuna an damu da ita. Na san akwai gidajen da suka watsar da wannan, sai ka ji uba yana ƙwala wa ɗan farinsa kira a titi kamar mai tallar rake. Mu dai mahaifiyata, Inna, tana da rai, kuma Inna ba ta taɓa watsar da komai ba, ko da tsohon faifai ne. Ni ma ɗan fari ne, na ba arba'in baya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" ne sunana. In ranta ya ɓaci in koma "kai wannan".

Yarinyar tana da shekara huɗu aka yi shela cewa za a buɗe ajin ƙananan yara a firamaren unguwarmu. Mutanen jami'a ne da wata ƙungiya ta ƙasar waje. Aka ce akwai tabarmi, akwai littattafan hotuna da Hausa, akwai malamai mata da aka horar musamman, amma gurbin kaɗan ne, sai an bi gida-gida an zaɓa. Mai ɗakina ta ɗora ranta a kai, kowa ya sani. Ni na fi ta ɗora rai, ba wanda ya sani. Mutumin da aka cire daga aji yana goge hawaye da hannun riga, in ya ji an ce za a fara koya wa 'yarsa tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali, ai ba sai an tambaye shi ra'ayinsa ba. Gurbin nan nake so mata. In ta samu, na rama wani abu a kan duniya.

Wata mata ce ta zo da fom ɗin, da hantsi. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, aka kira ni daga zaure. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, kunnenta duka biyu a wurinmu.

Matar ta ce, "Sunan yarinya?"

Na dubi mai ɗakina. Ita ma ai 'yar farinta ce, sai ta dubi ƙasa. Muka yi shiru kamar an tambaye mu wanda ya saci akuya. Inna ce ta faɗi sunan daga inda take, don ita jika ba ta da kunyarta.

"Sunan uba?" Ta tambayi mai ɗakina. Mai ɗakina ta ja mayafi ta rufe baki. Yaushe za ta kama sunan miji a gaban uwarsa? Matar ta juya wajen Inna. "Hajiya, sunan ɗan naki?"

Inna ta ce, "Ga shi nan zaune da bakinsa."

Na faɗi sunana da kaina, a gidan ubana, kamar baƙo a asibiti.

Daga nan aka shiga ainihin tambayoyin. "Malam, a 'yan kwanakin nan ka yi wasa da ita?"

Na ji tsintar shinkafa ta tsaya. Na ce, "A'a."

"Ka yi mata tatsuniya?"

"Ni kakarta ce?"

"Waƙa fa?"

"Malama, na yi miki kama da maroƙi?"

"Ka fita da ita yawo?"

"Mu je ina?"

"Wane abinci ta fi so?"

Na sani sarai. Ɗanwake ne, da mai da yaji kaɗan, kuma sai ta tsince ƙwan ta ajiye a gefe ta ci shi a ƙarshe. Na ce, "Wallahi ban lura ba."

Inna ta ci gaba da tsintarta, har da ɗan gyaɗa kai. Ni kuwa na tashi ina jin na fita kunya, na nuna wa baƙuwa cewa gidan mutunci ta shigo. Matar nan 'yar Zariya ce, ta san al'adar, na ga tana danne dariya. Amma fom ɗin a wata ƙasa aka rubuta shi, kuma gida biyu gare shi, gidan i da gidan a'a. Ba a yi wa kunya gida ba. Duk ta zuba ni a gidan a'a, ta zuba mai ɗakina a bayana, ta yi sallama.

Da aka liƙa sunaye a bangon makaranta, na je da sassafe kamar mai wucewa. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama. Akwai ɗan mai faci. Akwai jikokin mai nama har biyu. Tawa babu.

Mai ɗakina ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye mini abinci ta ce, "Sannu Malam. An dai shaida kana da kunya. Sai ka ɗinka mata ita ta saka ta tafi makarantar."

Na ce, "Ke ba a'a kika ce ba?"

"Bayanka na bi. Liman ne ya ɓata salla."

Washegari na saka hular da na ɗinka wa wani alhaji bai zo ya karɓa ba, na nufi Kongo. Shekara da shekaru ina wuce ƙofar nan ban taɓa shiga ba. Aka yi ta mini kwatance daga wannan ofis zuwa wancan, har aka kai ni wurin wadda ke riƙe da shirin. Ina shiga ta ɗago kai, ta cire tabarau, ta ce, "La ilaha illallahu! Sarkin lissafi!"

Tare muka yi firamare. A bayana take zama, kuma rabin lissafin da ya kai ta sakandare daga littafina ya fito, ta kan kafaɗata. Yanzu ita ce Dakta, da na'urar sanyaya ɗaki da kujera mai juyawa.

Na ce, "Hajiya Dakta, ashe satar amsa tana kai mutum nesa."

Ta ce, "Tana kaiwa mana, in aka dace da wanda za a sata a wurinsa. Zauna. Me ya kawo ka?"

Na faɗa mata. Ta sa aka nemo fom ɗina, ta karanta, ta kwashe da dariya har da buga tebur. Sannan ta daina. Ta ce shirin nan rabi a makaranta yake, rabi a gida. Ta ce masu bincike a ƙasashe da yawa, masu arziki da matalauta, sun daɗe suna bin yara tun suna goye, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa kan yaro yana ginuwa tun kafin ya ga allo, da hira da wasa da amsa masa tambaya. Don haka gidajen da za a zauna da yaro suke nema. "Kai kuwa takardarka ta ce ba ka ma san tana gidan ba."

Na ce, "Mu da aka raine mu ba a yi mana wasa ba, haukacewa muka yi?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kada ka sa in amsa."

Na miƙe zan tafi, ta ce in zauna. Akwai gurbi ɗaya, wasu sun tashi sun koma Kaduna. Kuma mako mai zuwa wata baƙuwa za ta zo daga ƙasar waje, wadda aikinta ke nan, zagaya duniya tana kallon yadda iyaye maza suke zama da ƙananan 'ya'yansu. Iyaye mata an samu har sun yi yawa, uba ake nema. "Za mu zo gidanka. Ka zauna a tabarma ka yi wasa da 'yarka minti goma muna kallo. In ta yiwu, gurbin nata ne. In ba ta yiwu ba, akwai masu jira."

Na ce, "Yanzu akwai wadda ake sakawa a jirgin sama don ta zo ta kalli wasan yara?"

"Akwai. Kai ma da ka ƙarasa karatun, da wataƙila kai ne."

Wannan maganar ta bi ni har gida.

Faɗa wa Inna ya fi zuwa Kongo wuya. Na tsuguna a bakin ƙofarta na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na fito da ita. Ta ce, "Wasa? Kai wannan? A tsakar gidan nan?" Na ce i. Ta ce, "A gabana?" Ba ta ƙara cewa komai ba har mako ya zagayo. Na so in gwada ko sau ɗaya kafin ranar, amma ina? Inna ba ta fita. Tun da ƙafarta ta fara ciwo, sai rasuwa ta kusa take fitar da ita.

Ranar da za a zo, da safe, sai ga Inna ta fito da mayafinta na unguwa da sandarta. Ta ce za ta Ƙofar Galadima duba wata 'yar uwarta da ta yi targaɗe. Targaɗen nan tun bara ya warke, har matar ta je Umara ta dawo. Da ta zo zaure ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ni dai ba na nan. Kuma in na dawo kada wanda ya ba ni labari."

Labari kuwa ya riga ya gama unguwa. 'Yan majalisar ƙofar gida sun hallara tun kafin lokacinsu. Mai faci ya ce, "Malam, an ce yau za ka goya 'yar tsana, a kawo maka zani?" Wani ya ce in an gama a zo a yi masa langa. Na ce duk Allah ya shirye su, na shige.

Mun yi shirin Baturiya. Mai ɗakina ta aro kujerun roba, ta yi zoɓo, ta saka wa yarinya kayan Salla da kwalli har ya yi yawa. Sai ga Dakta ta shigo da wata 'yar gajeriyar mata, ja-ja haka kamar Buzuwa, da baƙin gashi kitse guda ɗaya har baya. Aka ce daga Kudancin Amurka take, can cikin duwatsu. Turancinta ma a karye yake, wanda ya ɗan kwantar mini da hankali. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa, ta buɗe wata jaka. Da jakar nan take yawon duniya. A ciki akwai 'yan guntayen katako masu launi, da ƙwallo, da 'yar tsana, da littafin hotuna. Na dubi katakon na ce a raina, wannan a bakin shagon kafinta ana sharewa a zubar.

Na zauna a tabarma, gwiwoyina suka yi ƙara har baƙuwa ta waiwayo. Aka turo yarinya. Ta ga ubanta zaune a tsakar gida da hantsi, abin da ba ta taɓa gani ba, ga baƙi biyu sun zuba ido, ɗaya da biro. Sai ta durƙusa daga nesa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau."

Dakta ta ce, "Kira ta mana."

Na ce, "Ke. Zo nan."

Ta matso taku biyu, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ba ni na fasa kofin ba. Kaza ce."

Ban ma san an fasa kofi ba. Na ce ba maganar kofi ba ce, wasa za mu yi. Ta waiwayi uwarta, don ta ji ko wasa wani sabon sunan duka ne. Na ɗauki ƙwallo na gara mata. Hannun da ya saba jan zare bai san awon ƙwallo ba, ta wuce ta, ta kifar da buta, ta faɗa kwata. Na ɗauko 'yar tsana. Dakta ta ce a hankali, "Ba a ƙafa ake riƙewa ba, ba kaza za ka yanka ba." Na ajiye. Na buɗe littafi, nan dai na san ina da ƙarfi. Na nuna hoto na ce, "Wannan raƙumi ne. Maimaita!" Muryar malaminmu na aji uku ce ta fito daga bakina, mai dorina. Yarinyar ta ce "raƙumi" da rawar murya, ta ƙara da "Allah ya ba ka haƙuri", ta zura da gudu ta shige bayan uwarta ta riƙe zani.

Baƙuwa tana ta rubutu. Me take rubutawa haka, ni ban ga an yi komai ba? Dakta ta dubi agogo, sannan ta dube ni. Da dariya ta yi da na ji sauƙi. Tausayi na gani a fuskarta, tausayin wadda ta saci lissafina.

Na miƙe na kaɗe riga na ce, "Gurbin nan, ku ba wa masu jira." Na fice zaure.

Mai ɗakina ta tsare su da zoɓo, don ba a barin baƙo ya fita da ƙishi ko da ya zo da mugun labari. Ni kuwa na zauna a wurina na jawo hular da nake ɗinki, ina soka allura kamar hular ce ta yi mini laifi. Can na ji motsi a bayana, wajen gwangwanin zare. Ban waiwaya ba, na san ko wace ce.

To, a nan sai in faɗi abin da ban faɗa a fom ba. Tun tana shekara biyu take rarrafowa zaure ta zauna a bayana. Ban kore ta ba, ban kuma kira ta ba. Zaure hanya ce, mutane suna wucewa, ba zan juya ina hira da 'yar fari ba. Sai na riƙa yi wa bango magana. In ce, "Wai ina baƙin zaren nan ya shiga ne?" Wata rana sai ga ɗan hannu ya miƙo shi ta kan kafaɗata. Daga nan aka ɗore. Da bakinta ya buɗe, ita ma ta ɗauka haka ake yi a zaure, sai ta riƙa ba bango saƙo. Mu uku muke aiki, ni da ita da bango, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin na yi mata magana.

Ranar nan raina a ɓace, ban yi tunanin komai ba, bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Bango, ina ruwan hanta?"

Hannu ya miƙo. Na duba na ce, "Bango ya makance yau. Wannan ai ruwan makuba ne."

Ta ja hanci, sauran kukan ɗazu, ta ce, "Bango, ka ce wa mai ɗinki ruwan hanta ya ƙare jiya. Shi ya ƙarar."

"Bango ya yi gaskiya. To a ba ni kore, mai duhun."

"Bango, ka ce masa ba kore ne yanzu ba. Ja biyu, fari ɗaya, sannan kore. Ya tsallake fari."

Na duba hular. Wallahi na tsallake fari. Na ce, "Bango ya cika sa ido. Gida nawa ya rage a layin nan?"

Na ji ɗan yatsa yana bin gefen hular ta ƙarƙashin hannuna. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Bango, shida. In ya yi ɗaya saura biyar. Kuma ka ce masa ya jefa ƙwallon mutane a kwata."

"Bango ya faɗa wa mai maganar cewa ita ma ta kai ƙarar kaza a kan ƙarya."

Sai dariya ta ƙwace mata. Sai kuma na ji wata dariyar da ba tata ba. Na ɗaga kai. Dakta da baƙuwa suna tsaye a ƙofar da ta fito daga cikin gida, don duk mai fita dole ya bi ta zaure. Ban san tun yaushe suke nan ba. Dakta tana raɗa mata fassara, ita kuwa ta toshe baki da littafinta, kafaɗunta suna rawa.

Na ji kamar an kama ni ina satar nama a tukunya. Na ce, "Hanya ga ta nan."

Ba su bi hanyar ba. Baƙuwa ta tsuguna, ta zaro wani katako ja daga jakarta. Ba ta dubi yarinyar ba. Ta dubi bangon zaurena, ta yi masa magana da Turancinta, Dakta ta fassara: "Bango, wane launi ne wannan?"

Yarinyar ta leƙo ta bayana ta ƙare wa katakon kallo. "Bango, ka ce mata ja ne, amma ya koɗe. Ba za a saya ba."

Aka jera mata katako, ja, shuɗi, ja, shuɗi, aka tambayi bango me zai biyo. Ta ce bango ya ce wannan ai ko jariri ya sani, ta karɓe katakon ta jera nata, irin zanen bakin hula, ta ce a faɗa wa baƙuwa ta ƙarasa. Baƙuwa ta sa kore inda ba wurinsa ba. Ko da gangan ta yi, ko da gaske, har yau ban sani ba. Bango dai ya yi mata faɗa.

Daga baya matar ta yi doguwar magana. Dakta ta ce tana cewa a garinsu yara a gefen masaƙa suke tashi, ba wanda yake zaunar da su ya yi musu bayani, da kallo da miƙa zare suke iyawa, kuma ita kanta haka ta koyi ƙirga. Ta ce ta kai fom ɗin nan ƙasashe da yawa, kuma ko'ina sai ta tarar da abin da ya zube ta ƙarƙashinsa, amma ba ta taɓa ganin inda aka sa bango tsakanin uba da 'ya ba. Ta roƙi izinin ɗaukar hoton bangon. Na fara matsawa da kaina, ta ce a'a, in zauna.

Dakta ta ce, "Kai yanzu don Allah, da aka tambaye ka, me ya hana ka faɗi wannan?"

Na ce, "Wasa aka tambaye ni. Wannan aiki ne."

"Sarkin taurin kai. To ka ji, gurbin nata ne. Amma bango ba zai zo taron iyaye ba, kai za ka zo, duk wata. Kuma littafin da za a riƙa ba ta ta kawo gida, kai za ka karanta mata, da muryar mutane, ba ta ɗazu ba. Ka karanta wa bangon in ka ga dama, ita dai ta ji. Wata rana kuma ka daure ka dube ta. Ba ta cizo."

Na ce zan duba. Ta ce ita ma za ta duba ko na duba.

Inna ta dawo bayan la'asar tana ɗingishi. Ta tsaya a zaure ta ce, "An ci abinci?" Na ce an ci. Ta ce, "Yaushe za a fara zuwa?" Na ce ran Litinin. Ta ce, "To a nemo mata takalmi mai kyau," ta shige. Wanda ya ba ta labari ban san shi ba.

Ran Litinin ni na kai ta. Wato na fita, ita ma ta fita, ina gaba da taku goma, hanyarmu ce ta zo ɗaya. A ƙofar aji malamar ta ce, "Malam, wacce ce taka?" Na nuna da haɓa. Ta cire takalmi ta jera, ta shige cikin yara, ko waiwaye babu. Na ɗan tsaya a jikin taga ina gyara hula, na zagaya na dawo na sake gyara ta, har maigadi ya ce in akwai abin da na yar a wurin ya taya ni nema.

Na koma zaure na ɗauki aiki. Can na ce, "Ina fari?" Shiru. Na miƙa hannu ta kan kafaɗa ina jira kamar wawa. Daga ƙarshe na juya na jawo gwangwanin da kaina, na tarar ban ma san yadda aka jera zaren ba, don shekara biyu ke nan ban sa hannu a ciki ba. Na zazzage shi duka a tabarma ina tone-tone. Mai faci ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya kake faɗa kai kaɗai?"

Na ce, "Ina lafiya? Ma'aikaciya ɗaya gare ni a duniya, na je har Kongo da ƙafata na roƙi a ɗauke ta. Ƙarfe nawa ake tashinsu ne?"

Ya ce sha biyu. Na duba waya. Tara ma ba ta yi ba.